Rabin Akokon Inna

Masu rubuta tarihi sukan ce manyan abubuwa ne suka ɗaga ɗan Adam: wuta, rubutu, jirgin ƙasa. Ni kuwa, bayan na karanta abin da Allah ya hore mini, na kuma zauna na yi irin tunanin da mutum kan yi idan ya ajiye aiki, na tabbata cewa a tarihin ilimin likita a ƙasar Gobir babu abin da ya kai kamu ɗaya na akoko, farin yadin nan mai araha, daraja. Ina da hujja, don a gabana aka yi, da kekena kuma aka yi.

Zamanin Turawa ne, ina malamin asibiti a ɗakin shan magani na Isa. Na fito makarantar midil ta Sakkwato da Turanci daidai gwargwado da rubutu mai kyau, don haka da wani likita Bature ya zo binciken kurkunu, ni aka haɗa shi da shi, in yi masa tafinta, in rubuta abin da ya ce. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kada ya sa su san shi. Tsutsa ce doguwa, fara kamar zare, takan ɓullo a ƙafar mutum, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kullum har wata guda ko fiye. In ta tsinke, ƙafa ta kumbura. Ba ta cika kisa ba. Ita dai takan jira ruwa ya sauka a yi shuka, sannan ta kwantar da manomi daidai lokacin noman farko.

Haka take yi wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, damina bayan damina. Geronsa ya tashi cikin ciyawa, rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, Inna ta riƙa aika masa da dawa daga ƙauyenmu zuwa nasu.

Likitan nan ya nuna mini asirin abin a madubinsa mai ƙara girman abu. Ya ɗiga ruwan tabki, na leƙa, na ga wasu ƙananan halittu suna tsalle. Ya ce a cikinsu ƙwan tsutsar yake, wanda ya sha bana sai baɗi ta fito masa, kuma ƙyalle mai ƙaramin ido yana tare su. Niyyarsa ya raba akoko a duk ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, kowace randa da matacinta. Gwamnati ce ke ba shi kuɗin binciken, kuma a da ba a tambayarsa komai sai rahoto a ƙarshen shekara.

Muna cikin shiri masinja ya kawo takarda daga wani ofishi a Kaduna. An sake ƙa'idojin kuɗin bincike. Daga yanzu, ba za a ƙara ba kowane likita ko anini ba sai ya gwada maganinsa a gari biyu masu kama da juna: gari na ɗaya a ba shi, gari na biyu a hana shi, kada ma a gaya masa, bayan shekara a ƙirga marasa lafiya a ga bambanci. In an ga bambanci, a ci gaba da ba da kuɗi, a yaɗa abin ko'ina.

Ba na zargin wanda ya rubuta ƙa'idar nan. Mai hankali ne, kuma daga baya na karanta dalilinta na gamsu. Kuskurensa ɗaya: ya ɗauka gari biyu abu biyu ne.

Likita ya buɗe taswira ya zaɓi ƙauyuka biyu, kowane da tabkinsa, tafiyar hantsi tsakaninsu. Na ɗaya namu ne. Na biyu na Kawu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan dangin juna ne."

Ya amsa da Hausarsa ta littafi, wadda ya koya a Kano, "Madalla. Ashe sun yi kama ƙwarai."

Aka raba akoko a ƙauyenmu a farkon damina. Ni na tsaya ƙofar mai gari na yi bayani, na nuna yadda ake ɗaure shi a bakin randa, na kuma karanta sharaɗin da murya irin ta gwamnati: kada kowa ya kai maganar gari na biyu. Maza suka ce to. Da na shiga gida Inna tana zaune tana juya nata ƙyallen a hannu.

Ta ce, "Malam, zo nan." Malam take ce mini in za ta yi mini ba'a. "Mi kac ce a waje? Wane gari ne na biyu?"

Na gaya mata.

"Garin ƙanena shi an na biyu?"

"Inna, shekara ɗaya ce tak. In an ga bambanci, kowa zai samu, har su."

"To. Wanga bambanci, a ƙahwar wa za a gane shi?"

Na yi shekaru ina karatu, ba a taɓa yi mini tambayar da ta fi wannan wuya ba. Na ce doka ce. Ta ce Allah shi ba doka lahiya, ta ci gaba da tsince wakenta.

Aikina ne in zaga garuruwan biyu da keke ina rubuta masu kurkunu. A zagayen farko na tarar da Kawu a gindin bedi, wato dogon yaro, ƙafa a miƙe, tsinke a ɗaure a idon sawu. Daga inda yake zaune ana hango gonarsa, ciyawa ta fi geron tsawo.

Ya ce, "Ɗana, rubuta ni da kyau, kada Bature shi ce ban iya ciwo ba." Ya yi dariya, sannan ya daina. "In baɗi ta sake kama ni, na bar gonag ga. Za ni Maraɗi in yi wa fatake dako. Gara in ɗauki kayan wani da in riƙa cin dawar yayata."

Gonar kakanmu ce. Ina da maganar da za ta tsare masa ita a bakina, ina kuma da albashi da alkawari. Na rubuta shi da kyau, na hau keke.

A al'adarmu ba a zuwa garin dangi hannu sake, kuma in an aiko ka da saƙo ba ka kwance shi. Da zagaye na gaba ya zo, Inna ta miƙo mini ƙunshin daddawa in kai wa matar Kawu. Daddawa a ganye ake ƙunshe ta, kowa ya sani. Wannan kuwa a farin akoko take, gefe ɗaya da alamar wuƙa. Na dubi randarmu, na ga matacinta ya rage rabi, da ƙyar ya rufe baki.

Ta ce, "Ka ce mata daddawa ce. Sauran magana mun gama ta ran kasuwar Bafarawa."

Na tsaya da ƙunshin a hannu. Na sake bin ƙa'idar a zuciyata layi-layi, kamar mai shirin jarrabawa. Ta hana a faɗa. Ba ta ce komai game da daddawa ba. Na ɗaure shi a bayan keke.

Ashe ba ni kaɗai ba ne masinja. Kusan kowane gida a ƙauyenmu yana da 'ya ko ƙane a can. Wata ta aika da kuka a cikin rabin nata, wata da goro, wata ba ta ma wahalar da kanta da ƙunshi ba. Waɗanda ba su samu ba suka yanki tsohon rawani. Kafin a yi maimai, duk randar da na leƙa a gari na biyu tana da ɗan farin kallabinta. Takardata ba ta da gurbin rubuta randa, sai na ƙafa.

Damina ta zagayo. Na shiga gari na biyu da alƙalami a shirye, na sami gindin bedi babu kowa. Aka ce Kawu yana gona. Na same shi a duƙe, ya yi nisa cikin kunya, gumi har gwiwa. Ya ɗago ya ce, "Malamin ƙirga! Yau ba ni da abin ba ka. Ka zo da kaka ka ƙirga damma."

Masu kurkunu sun ragu ƙwarai a ƙauyenmu. Sun ragu ƙwarai a na Kawu. Likita ya jera lissafin biyu a tebur ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni. Na gaya masa komai, har daddawar. Na ɗauka aikina ya ƙare. Sai ya cire tabarau ya yi ta dariya har da tari, ya ce ya yi shekaru yana neman hanyar da zai sa mutane su karɓi magani, bai taɓa tunanin ya hana su ba. Ya rubuta dogon bayani a bayan rahoton, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ni na kwafe shi da rubutuna mai kyau.

Kawu bai je Maraɗi ba. Da kaka ya ɗora wa jaki dami biyu na gero ya kawo wa Inna, suka yi ta gardama a tsakar gida, ita tana cewa ya mayar, shi yana cewa ba ita ya kawo wa ba, randa ya kawo wa. Akoko kuwa ya je Maraɗin a madadinsa: fatake sun gaya mini sun ga randuna da kallabi a ƙauyukan da ke hayin iyaka, inda ba a jin Turancin Kaduna ko kaɗan.

Amsar ofishin ta iso bayan an gama sussuka, layi biyu. An gwada tace ruwa a ƙasar Gobir, ba a ga bambanci ba, an rufe binciken.