Guron da na ɗaure a leda

Ina kwance bakin ledar, wari ya bugi hancina har sai da na ja da baya. Na sa hannu ciki, ya fito da yauƙi da ɗumi kamar an dafa. Guro ne, kuɓewa in ji mutanen Kano, kwando biyu cur, rabona na aikin damina. Shekaranjiya na yanka shi da hannuna, ga shi yau ya fara baƙi, wani wurin har farin gashi ya tsiro mai.

Ina tsugune ina tunanin inda zan binne shi kafin kowa ya gani, sai na ji ƙarar sanda a zaure. Kakata ce, uwar babana, Tsohuwa muke ce mata. Gidanta na bayan namu nan Dandin Mahe.

"Maigida," haka take kirana tun ina yaro, "mi yam mutu gidanga?"

"Ba komi, Tsohuwa."

"Ba komi ka wari hakanga? Matsa in gani."

Ta leƙa ledar, ta dube ni, ta sake leƙawa. Ba ta yi salati ba ma, dariya ta yi.

Ni dai daga aji biyu na sakandare na aje littafi. Na yi wankin mota, na zauna shagon gyaran waya a Bodinga, na bi motar albasa. Babu wanda na kai wata uku a ciki. Ƙafata ba ta son wuri ɗaya. Da ruwa ya sauka shekarar nan sai kawuna, ƙanen Inna, ya ce in zo mu yi aikin garkarshi, wato lambunshi, tare, duk abin da Allah ya ba da kashi ɗaya cikin uku nawa ne. Ban san yadda anka yi ba, na tsaya tun daga shuka har ƙarshen damina. Ranar rabo na shigo gida da guro kwando biyu, da sure, wato yakuwa, da tonka, wato barkono, da kabushi, kabewa kenan, uku manya.

Inna ta zagaya kwandunan nan sau biyu. Ta ce bana ba za ta aika gidan kowa neman abin kaɗi da rani ba, miyar gidan nan daga hannun ɗanta za ta fito. Har maƙwabta ta faɗa ma. Washegari anka bugo waya cewa yayata ta haihu a Sifawa, dole ta tafi. Tana ɗaura gyale tana ba ni sallahu: kar ka wanke shi, yanka shi siriri, baza shi kar wani ya hau wani, da yamma ka shigar da shi saboda raɓa.

Na ce to. Tana fita na ga ƙasa jikin guron, na ce a raina ai tsafta ba laifi ba ce, na juye shi cikin baho na wanke tas. Na yanka, manya manya don in gama da wuri. Na baza kenan abokina ya kira, wai in zo Bodinga in riƙe mai Keke Napep ɗinshi na yini ɗaya. Na ɗaga kai na ga hadari gabas. Sai na tattara guron da danshinshi, na ɗura cikin babbar leda, na ƙulle baki tam don kar ruwa ya taɓa shi. Har ina jin na yi dabara. Yini ɗaya ya zama kwana biyu, ruwan ma bai sauko ba.

Duk wannan na faɗa ma Tsohuwa ina kallon ƙasa.

"Ka wanke shi, ka ɗaure shi, kat tahi yawo. Allah na gode ma da ban tare gidan mijinga ba, da yunwa ta kashe ni."

"Ke wa za shi ɗauke ki, ba haƙori?"

"Mara haƙorin za ta hisshe ka yau. Ɗauko tabarmi da faifai, ka ɗebo min toka cikin murhu. Mai sanyi, ba mai wuta ba, tunda kai sai an faɗa ma komi."

Munka juye ledar tsakar gida. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta kasa shi uku. Wanda ya yi baƙi da gashi, bola. Wanda ya yi laushi amma bai canza kala ba, tukunya, yau ɗin nan. Wanda ke da sauran ƙarfi ta sa na sake raba shi da wuƙa, ta barbaɗa mai toka kaɗan ta murza da tafin hannu, yauƙin ya kama jikinshi. Na hau da shi saman ɗaki na baza ɗaya ɗaya, tana ƙasa tana nuni da sanda. Na bolan ya fi kowanne yawa. Sai da na yi sawu uku, kowane sawu ina tuna ranakun da na yi ina cire ciyawa a duƙe.

Ran nan da na laushin ta yi miya, ta yanka kabushi ɗaya ciki, ta aika gida huɗu. Suren ta tsinke ta shanya a inuwar zaure, ta ce rana tana cinye mai kala. Tonka kuma ita ba ruwanta, ko ina ka watsa ta bushewa take.

Abin da ya fi min wuya shi ne zaman. Kwana huɗu ina gadin guro: in juya shi da hantsi, in kori kaji, in duba gabas, in sauko da shi kafin magariba. Wayata na ƙara, Tsohuwa ta karɓe ta ƙulle a bakin zane.

"In abokinka na son direba, shi zo shi tambayi matarka."

Rana ta uku ruwa ya taso da azahar ba sallama. Da ba na nan, da shi kenan. Na kwashe tabarmin nan a guje, ɗigo bai taɓa ko ɗaya ba. Tsohuwa na bakin ƙofa, ta ce, "Ashe ƙahwan nan taka tana da amfani."

Kawu ya ji labari, don Tsohuwa ba ta iya riƙe magana. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce akwai 'yan ƙanana da sunka rage a kara, da awaki zai sakar ma, in je in tsince. Na samo rabin kwando. Wannan ban wanke ba.

Rana ta biyar na ɗebi guron na girgiza a hannu, yana ƙara kamar tsakuwa. Munka zuba cikin tukunyar ƙasa, bai kai wuya ba, ya ɗan wuce rabi. Na ce ma Tsohuwa ko za ta gaya ma Inna in ta dawo, tunda Inna tana jin nauyinta.

"Ni na wanke shi? Bakinka na, maigida."

Ta kwance bakin zane ta miƙo min wayar. Na zauna gindin tukunyar, na danna na yi magana, na tura wayar yayata:

"Yaya, don Allah ki kunna ma Inna wanga. Inna, ina wuni, ya mai jego da jinjiri. Guron nan na yi ɓarna, na wanke shi na ɗaure a leda na tahi Bodinga, fiye da rabi ya lalace. Ki yahe min. Tsohuwa ta ceto saura, Kawu ya ƙara min, yanzu akwai rabin tukunya da ɗan ɗori, ya bushe ƙarau. Sure da tonka suna nan lahiya, kabushi biyu na ƙarƙashin gado. Ba zai kai mu damina ba, amma zai kai mu nesa. In kin tashi dawowa ki riƙo ma Tsohuwa goro mai kyau, daushe take so. Ina gida, ban zuwa ko'ina."