Motar da Muka Jawo daga Kufai

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, muka kwaso Baba muka dawo da shi cikin Zuru, bai taɓa tambayar rumbunansa ba, bai tambayi awakin da suka watse ba. Motarsa kaɗai yake tambaya. Ita kuwa motar ba mai tafiya ba ce. Tsohuwar jif ce ta soja, cikin waɗanda aka yi yaƙin basasa da su, koriya, mai rufin tamfol. Baba direba ne a soja, da aka yi gwanjon tsofaffin motoci bayan yaƙi sai ya saye ta ya koro ta gida. Ta yi wa ƙauyenmu aiki shekaru da yawa, a cikinta ma ya koya mini riƙe sitiyari a filin makaranta ina 'yar budurwa. Daga baya injin ya tsaya, aka ɗora ta kan duwatsu a bayan gida ƙarƙashin ɗorawa, kaji suka mayar da ita wurin yin ƙwai. Ta haura shekara ashirin a nan.

Ni tela ce, shagona yana jikin gidanmu. Yayana kuma bakanike ne, tarakta da injin niƙa yake gyarawa. Mu biyu muka rage wa Baba.

Wajen ƙarshen damina labari ya zo cewa 'yan gwangwan sun fara shiga ƙauyukan da aka gudu aka bari, suna cire kwanon rufi, suna yanka duk ƙarfen da suka samu. Daga ranar Baba ya rage cin abinci. Wata safiya aka zo aka ce mini ga shi can a tasha da sandarsa, yana roƙon masu babur wani ya kai shi ƙauye. Da ƙyar muka lallashe shi ya dawo. A hanya Yaya ya yi masa alkawarin zai je ya jawo ta da tarakta.

Matsalar ita ce motar da ake ja sai da mutum a kan sitiyarinta. Yaya ya tuntuɓi abokansa, kowa ya ba shi haƙuri, ban kuwa ga laifinsu ba. A ƙarshe ya zo shagona ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon keken ɗinkina, ya ce ai ni ma na iya riƙe sitiyari. Na ce to tun kafin in yi tunani. Bayan ya fita na ga zaren da nake ƙoƙarin zurawa ya ƙi shiga allura.

Mun tashi da sassafe. Yaya ya ɗaure tsofaffin tayoyi da jak da wani dogon ƙarfe da ya yi wa walda don ja, tunda motar ba ta da birki, ni kuma na ɗane gefensa na riƙe ƙarfen kujera. Bayan mun wuce Dirin Daji muka tarar da 'yan sa-kai a shingensu na ƙarshe. Babbansu ya san Baba. Ya yi ta ƙoƙarin mayar da mu, da ya ga ba za mu koma ba sai ya ce kada rana ta raba muna ciki, in kuma muka ji babura kada mu gudu, gudu ne ke sa su harbi.

Daga nan ba mu ƙara ganin mutum ba. Gonakin da na sani da dawa mai tsawon mutum biyu duk ciyawa ce ta cinye su, har ta rufe rabin hanya tana dukan ƙafafuna. Ina ta kallon cikinta. Duk inda iska ta kaɗa ta sai in zaci mutum ne.

Da Yaya ya kashe tarakta a bayan gidanmu, shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Babu zakara, babu turmi, babu kukan yaro. An cire rufin coci. Ƙofar ɗakin Baba tana buɗe, ban yarda na leƙa ba. Amma motar tana nan yadda aka bar ta, yaɗo ya nannaɗe ta, tamfol ɗin ya ruɓe ya zube a kan kujeru, ga saɓar maciji a rataye jikin giya.

Aikin saka tayoyi ya ci lokaci fiye da yadda muka zata. Notuna sun yi tsatsa, ina zuba musu kananzir Yaya yana danna sifana da ƙafa, kowane noti sai ya yi ƙara kamar ana yanka akuya. Ƙafar baya ɗaya ta ƙi juyawa gaba ɗaya, dole ya sa guduma. Kowane bugu sai ya tafi ya doki dutsen da ke bayan gari ya dawo mana. Na ce masa ya yi a hankali, ya ce ƙarfe ba ya jin a hankali. Fitsari ya matse ni, amma na kasa zagawa bayan katanga ni kaɗai, na kuma ji kunyar gaya masa. Ina tsaye ina addu'a cikin yarenmu na C'lela, wadda mahaifiyarmu ta koya mana, ina maimaita layi ɗaya don sauran sun ɓace mini.

Rana ta kusa rabawa kafin ƙafar ta saki. Na shimfiɗa buhu a kan ƙarafan kujera na zauna, ya ja, motar ta sauko daga inda ta daɗe da wani irin nishi. Sitiyarin ya yi tauri, sai na sa ƙirjina nake juya shi. Hankalina duk ya koma kan kada ta kauce ta faɗa rami.

Shi ya sa ban ji zuwansu ba, ƙarar tarakta ta rufe komai. Kusa da mashigin rafi na ga inuwa a gefen damana, na juya, sai ga babur yana tafiya daidai da ni. Mutum biyu ne a kai, na baya ya ɗora bindiga a cinyarsa, bakinta yana kallon haƙarƙarina. Kallona kawai yake yi. A hagu ma ga wani. Yaya yana gaba, ya ba mu baya, bai san abin da ke faruwa ba. Motar ba ta da oda, ba ta da birki, ko na yi ihu kuma ba zai ji ba. Haka muka yi ta tafiya tare, ina riƙe da sitiyari ina kauce wa ramuka kamar babu kowa. A lokacin ne na tuna launin motar da nake ciki, koren soja.

Sai da ɗaya ya sha gaban tarakta sannan Yaya ya tsaya. Suka sauko da shi, suka sa shi ya durƙusa a tsakiyar hanya, wani ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. Babbansu, wani siriri da ya rufe baki da rawani, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, sannan ya tsaya a kaina.

"Motar soja ce wannan?"

Na ce, "Ta babana ce. Ta daɗe da mutuwa."

"Babanki soja ne?"

A ƙasarmu da wuya ka sami gidan da babu soja, su ma sun sani. In na ce a'a ya gane ƙarya nake yi, in na ce e ban san abin da zai biyo baya ba. Na ce masa tsoho ne, ko gani ba ya yi sosai. Ya sake tambayata, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Daga inda yake durƙushe Yaya ya ce direba ne, ya bar aiki tun kafin a haife mu. Wanda ke bayansa ya doke shi da gindin bindiga a kafaɗa, ya ce ba shi aka tambaya ba.

Babban ya sa aka ɗaga murfin injin. Ɓeraye sun yi sheƙa a ciki, ciyawa da tsumma da ɓawon gyaɗa sun cika ko'ina, ɗaya ma ya yi tsalle ya faɗa ciyawa. Suka yi dariya. Ni dariyar ta fi shirun tayar mini da hankali, don na ji ana cewa suna dariya ma suna harbi. Suka karɓe wayoyinmu da galan ɗin man da muka riƙe na hanya, wani ya sa Yaya ya cire takalminsa ya gwada, ya yi masa daidai. Sai na ji ɗayansu ya ce a tafi da matar.

Ban san tsawon lokacin da babban ya ɗauka yana kallona ba. Na ga idonsa ya sauka kan buhun da nake zaune a kai, da silifas ɗina, da tsatsar da ta ɓata mini hannu.

Ya ce, "Mutanen da suka shigo dajin nan saboda wannan gwangwanin, me za a samu a gidansu?"

Suka hau baburansu suka shiga ciyawa. Yaya ya daɗe a durƙushe bayan ƙararsu ta ɓace. Da ya taso ya zo wurina, sai da ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga jikin sitiyari. Ya ga zanena ya jiƙe, ya kawar da kai, har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Ya tambaye ni ko zan iya ci gaba. Na ce in ban iya ba wa zai iya. Sauran hanyar ban daina waiwaye ba, har wuyana ya ƙage.

Mun shiga Zuru da la'asar, man tarakta ya kusa ƙarewa. Mun yi shawara ba za mu gaya wa Baba komai ba. Ya fito da sandarsa ya shafa motar tun daga fitila har baya, yana kiranta da wani suna na turancin bariki. Da ya gama sai ya dubi ƙafafun Yaya, babu takalmi. Bai yi tambaya ba, ya koma ɗaki.

Gyaran ya cinye rani gaba ɗaya. Injin ya kafe, Yaya ya zuba masa baƙin mai da kananzir ya bar shi ya jiƙa, kullum ya zo ya gwada juya shi da ƙarfe, har ranar da ya motsa. Wasu kayan ya samo su a Kontagora wurin masu tsofaffin motoci, wasu shi ya ƙera. Baba yana zaune a kujera a gefe yana gyara masa, wani lokaci daidai, wani lokaci ya manta. Ni na ɗinka sabon tamfol da rigunan kujeru, na karya allurai ban san iyaka ba.

Amma ban koma yadda nake ba. Zuru garin babura ne, ni kuma duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar shagona sai ƙafata ta tsaya a kan keke. Sau ɗaya na ɗinke yatsana. Na mayar da keken inda zan riƙa ganin titi, sannan na mayar da shi inda ba zan gani ba, duk bai yi ba.

Da aka zo maganar fenti, Baba ya ce a mayar mata da korenta na soja. Na ce in aka yi haka ba zan taɓa shigarta ba. Ya yi fushi, ya ce ni ban san darajar launin ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, amma a ranar, da ainihin sunana ya kira ni. Sai na zauna a ƙasa gabansa na faɗa masa abin da ya faru a mashigin rafi, ban rage komai ba. Yana ji yana murza kan sandarsa. Washegari ya kira Yaya ya ce a yi mata shuɗi.

Ranar da za a tayar da ita, Yaya ya haɗa batir ya zuba fetur, ya murɗa. Ta yi tari, ta yi tari, sai salansa ya saki wata ƙara kamar harbi, ya sake saki. Unguwarmu rabinta mutanen da suka gudo daga ƙauyuka ne. Kafin ka ce me, mata sun suri 'ya'yansu, mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta a wuta, wani dattijo ya haura katanga. Ni kaina sai ganina na yi kwance a bayan duron ruwa, fuskata a ƙasa, alhali ina tsaye a wurin lokacin da aka murɗa makullin. Ina nan kwance na ji injin ya kama, yana bugawa daidai, hayaƙi ya cika tsakar gida. Babu wanda ya yi murna. Baba ya saurare shi kaɗan, ya ce a kashe, ya ɗauki sandarsa ya bi gida-gida yana ba mutane haƙuri.

Bayan sati muka fita da ita. Yaya yana tuƙi, Baba a gefensa sanye da kaftaninsa na zuwa coci, ni a baya. Da muka hau kwalta Baba ya nuna hanyar Dirin Daji. Yaya ya dube ni ta madubi, na riƙe ƙarfen tamfol. Gidaje suka fara raguwa, duwatsu suka matso. Daidai gidajen ƙarshe Baba ya ɗaga hannu a tsaya. Ya daɗe yana kallon hanyar, ko da yake na san ba ya hango nesa.

Ya ce, "Uwata, ya isa haka. Mu juya."

A hanyar dawowa wasu tsofaffin sojoji da ke zaune a rumfar mai shayi suka gane motar duk da shuɗin fentin. Suka taso suka tare mu, wani ya ƙame ya sara mata, suka sauko da Baba suka zaunar da shi a benci. Sun yi ta hira har rana ta yi zafi, ana buɗe murfin injin ana rufewa, Baba yana dariya da dukan haƙoran da suka rage masa. An miƙo mini shayi, na karɓa na riƙe. Ban sauko daga bayan motar ba, ina zaune ina bin kowane babur da ido har ya wuce.