Guɗar da Muka Yi wa Ishaya

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Bulus, direban bas a filin jirgi, wanda ya zauna a unguwar Jamaica ta Queens, nan Amurka, har Allah ya yi masa cikawa. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu mai nauyi a kansa, duk shekara kuma sai ranar nan ta filin wasa ta tare mini hanya. Bana na sallama. Ita zan ba ku.

Ɗansa Ishaya ƙato ne tun daga haihuwa. Ni na je asibiti, kuma na rantse jaririn ne ya taimaka wa nas ta tashi daga kujera. Da ya girma sai ya shiga ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano, har ƙungiyar birnin nan ta ɗauke shi wajen ƙarshen shekarun tamanin. Aikinsa shi ne ya tsaya a sahun gaba tare da wasu ƙarti huɗu, su tare abokan hamayya don mai jefa ƙwallo ya samu sarari. Ba ya taɓa ƙwallo. Mu kuwa da muka tashi a Zonkwa muna buga lemon tsami da ƙafa, wanda bai taɓa ƙwallo ba ai ɗan kallo ne. Yaya Bulus yakan zauna gaban talabijin yana cewa, "To yaushe za su ba shi? Ko sun raina shi ne?"

Wata Lahadi Ishaya ya samo mana tikiti. Muka tashi daga coci kai tsaye, rabin 'yan majami'a, da fasto, da matar Yaya, Saratu, ta ɗaura ɗankwali kamar za ta tare ruwan sama da shi. Muka zauna muna jira a ambaci ɗanmu. Shiru. Can sai ƙungiyarsu ta kai ƙwallo har gida, fili ya ɗauki ihu. Sai alƙalin wasa ya jefa wani ƙyalle ruwan ɗorawa, ya kunna lasifika, ya faɗi lambar Ishaya ƙarara, duniya na ji.

Saratu ta rangaɗa guɗar da na tabbata an ji ta har unguwar Harlem. Ni na miƙe ina kirari: "Giwa ɗan Bulus! Bango ya fi ƙofa!" Fasto ya ɗaga hannu sama. Yaya Bulus ya juya yana gaya wa na bayansa, da Turancinsa na direba, cewa ɗansa ne, ɗansa na cikinsa.

Wani dattijo mai jan hanci ya dube shi ya ce, "Ɗanka ne? To ɗanka ya riƙe rigar mutum. An soke makin."

Sai a lokacin muka lura mu kaɗai ne a tsaye. Ashe a wasan nan ba a kiran lambar ɗan sahun gaba sai ya yi laifi. Aka ci su a ranar da 'yar tazarar da makin nan zai rufe. A hanyar komawa babu wanda ya yi tari a cikin bas. Ni da bakina ba ya hutawa, har muka iso Queens ina karatun tallan da ke jikin taga.

Shekarar kuma ita ce ta ƙarshe a kwantiraginsa. Masu buga waya gidan rediyo suka sa shi gaba: an biya shi kuɗin mutum uku, yana aikin rabin mutum. A coci aka daina tambayar Yaya labarin wasa. Kowa ya koma gaishe shi da lafiyar iyali kawai, a gurguje.

Na zaci laifin yaron ne ke cin Yaya. Wata rana a wurin ajiye bas ya ce mini, "Kai, ba riƙe rigar ba ce. Yaron nan tun yana sakandare yake wannan aiki, ni ubansa ban san mene ne aikin ba. Na yi ta yi masa addu'a a ba shi ƙwallo."

Sai ya yi abin da har yau Saratu ke ba da labarinsa. Ya yanko kwali ya manne a rabin talabijin, don kada idonsa ya bi ƙwallo. Sahun gaba kawai yake kallo. Mu muna tsalle an ci, shi yana can ya ƙura wa ƙafafun ɗansa ido. Ya kuma sa Ishaya ya koya masa a falo, aka ture kujeru.

"Baba, zan ji maka ciwo."

"Tura ni, ɗan nema! Ni na goya ka."

Ishaya ya tura shi da yatsu, a hankali, Yaya ya tsinci kansa a kicin. Ya taso yana dariya, ya ce a sake, yana so ya ga inda hannu ke zama.

Da lokaci ya yi, ƙungiyar ta ce za ta riƙe Ishaya, amma da ragin albashi, kuma shekara ɗaya tal. Ya zo gida ya tsuguna gaban ubansa, ƙato kamar firji, kai a ƙasa. Ina wurin. Yaya bai ce masa Allah ya sa haka ya fi alheri ba, kamar yadda kowannenmu zai ce. Cewa ya yi, "Ta hagu ba mai wuce ka. Ta dama ƙafarka tana makara tun da ka bugu a gwiwa, su ma sun gani. Sun rage fiye da kima, amma ba ƙarya suka yi duka ba." Ishaya ya ɗago ya dubi ubansa, ya daɗe yana dubansa. Ban taɓa ganin an gaya wa mutum aibinsa fuskarsa ta washe haka ba.

Ya buga shekarar, gwiwar ta ƙarasa shi, ya bari. Yanzu yana koyar da yara wasan a wata makaranta, yana ɗingishi.

A yau kowane yaro da waya a hannu yana iya gaya maka makin da aka ba ɗan sahun gaba a kowane taku. Da Yaya na nan da ya ji daɗi, ya kuma yi musu da su har batir ya mutu. Zai ce wayar ba ta san wanda ya kwana da ƙanƙara a gwiwa ba.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar na fili ba. Kunyar da muka kwaso tare a bas ɗin nan, mu mun binne tamu da barkwanci, shi ya ɗauki tasa ya je ya koyi ɗansa da ita. Ni kam har gobe idona ƙwallo yake bi. In Ishaya ya gayyace ni kallon yaransa, ina zuwa, in zauna a baya. Amma ba na tafi sai na ga ya tafa.