Sandar Motar Ƙarshe

A tashar motocin Poli da ke Garwa, idan ka ce kana neman Tahir, sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Na-Ƙarshe, ko mai shayi zai nuna maka shi da haɓa: dattijo siriri, yana goge madubin bas ɗinsa da hannun riga. Kakansa fatauci ya kawo shi daga Kano ya zauna, ubansa ya riƙe rumfar atamfa a kasuwa, shi kuwa sitiyari ya kama tun yana saurayi. Bai taɓa kaɗe ko akuya ba. Amma in aka yaba masa, sai ya kau da kai.

Sunan daga wurin aikin hanya ya samo shi. Inda ake gyaran titi, akan karkatar da motoci ta wata siririyar hanyar jar ƙasa, debiyasiyo, wadda mota biyu ba sa iya wuce juna a cikinta. Mai tuta ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, ba sa hango juna, waya kuma ba kullum take shiga ba. Sai suka yi dabarar sanda mai ɗaure da jan ƙyalle. Motar ƙarshe a layi ake ba wa. Idan direban ya miƙa ta a ɗaya bakin, magana ɗaya ya yi: babu kowa a bayana, saki naka.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka ba Tahir sandar. Abokinsa Didier, mutumin duwatsun Poli, wanda kullum suke tseren lodi, ya iso a makare da farar motarsa, ya kutsa bayansa, mai tuta yana ta yi masa ihu. Tahir ya gan shi a madubi yana ƙyafta masa fitila, har ya yi dariya. Ramuka suka rage wa Didier gudu. Tahir ya isa baki yana cikin hira da fasinja, ya miƙa sandar ta taga, ko birki bai taka ba. Aka saki tifar tsakuwa. Ƙarar karonta da motar Didier ta same shi ne daga baya.

Jandarmomi sun rubuta laifin mamacin ne, Didier. Tahir bai yi musu ba. Ya dai san sandar ta yi ƙarya ranar, kuma da hannunsa ta yi ta.

Tun daga nan, in ya shiga debiyasiyo, gilashi sama, fitila kunne ko da rana tsaka, giya ta biyu, ba ya wuce kowa, ba ya amsa waya. In sanda ta faɗo hannunsa, ba ya sakinta sai ƙura ta kwanta ya ga hanyar da idonsa. Abin da bai taɓa gaya wa ko matarsa ba shi ne, wani lokaci yakan ga farar mota a madubi, cikin jar ƙurar, fitila biyu suna ƙyaftawa. Ya tsaya, ƙura ta kwanta, babu komai.

Wata Talata a bana, bayan an wuce Ngong, ya sake zama na ƙarshe. Rana ta take tsaka. Tankin da ke yayyafa ruwa bai fito ba, ma'aikata sun tafi cin abinci, manyan injuna na tsaye baki buɗe babu kowa a kansu. Ko tsuntsu ba ka ji. Ya kai rabin debiyasiyo ya ɗaga ido ga madubi.

Tana nan. Fara, kusa fiye da kullum. Ƙyaf, ƙyaf.

A ɗaya bakin Honorine ce ke riƙe da tuta, mace mai murya, fuskarta naɗe da mayafi saboda ƙura. Bayanta tireloli uku na auduga suna huci. Ta miƙo hannu.

"Papa Tahir, kawo."

Ya kashe mota, ya ɗora sandar a cinya.

"Akwai mota a bayana."

"Wayyo Allah, mun fara! Papa, makon jiya ma akwai mota. Wancan makon ma akwai. Shugaban aiki ya ce in ka sake tsare hanya zai kira kamfaninku, su cire ka daga layin nan. Ni ma ba zai bar ni ba."

"Na ji, 'yata. Bari ƙura ta kwanta."

Hajiya Kaltumi mai kanti a Poli, wadda kullum ita ce a kujerar gaba, ta yi tsaki.

"Malam Tahir, kifin da na sayo a bakin Binuwai ɗanye ne fa. In ya lalace, kai za ka ci shi har ƙaya."

"Zan ci, Hajiya."

"Ku ji min mutum! Sanda ce fa aka ba ka, ba sarauta aka naɗa ka ba."

Aka kwashe da dariya a baya. Direban tirelar farko ya danna ham, ya leƙo yana zagi da Filatanci, ya ƙara da Faransanci don kada wani ya rasa rabonsa. Har ya saki birki, motar ta matso taku biyu. Tahir ya fito, ya je ya tsaya a gaban hancinta, sandar a ƙirjinsa. Ya san in ƙurar nan ta kwanta babu komai, yau ne tuƙinsa na ƙarshe a hanyar Poli. Ya kuma san abin da ya gani.

Honorine ta dube shi, ta dubi tirelar. A hankali ta ɗaga jar tuta.

Ƙurar ba ta yi sauri ba. Ta tsaya kamar bango. Ham ya yi shiru, dariya ta mutu. Sai can ciki aka ji wani ɗan tari na inji, ba na mota ba.

Babur ne ya fito, yana tangaɗi. Wani manomi ne a kai, jajir da ƙura har gira, bayansa matarsa da jariri a goye, buhun gyaɗa a kan tanki. Ta wata hanyar ƙauye suka faɗo debiyasiyo, inda babu mai tuta. Ya tsaya daidai tayar tirelar, tayar ta fi shi tsawo. Direban tirelar ya kashe injinsa.

Hajiya Kaltumi ta yi salati a hankali.

"Kai, Blaise!" Honorine ta san shi, cocinsu ɗaya. "Kana so ka kashe iyalinka? Ta ina ka gani a cikin wannan ƙura?"

"Ban ga komai ba, yaya," in ji shi da Hausar kasuwa, yana tofar da ƙasa. "Mota na bi. Farar nan. Tana tafiya sannu sannu, tana yi mini fitila. In na tsaya, ta tsaya." Ya waiwaya, ya dubi layin tireloli, ya dubi bas ɗin Tahir mai ruwan ganye. "Ina ta wuce?"

Hanya ɗaya ce, kuma kowa na tsaye a bakinta.

Tahir ya jira har ƙurar ta gama kwanciya, ramuka suka bayyana ɗaya bayan ɗaya har kwanar ƙarshe. Sannan ya miƙa sandar da hannu biyu.

"Babu kowa a bayana," ya ce.

Honorine ta karɓa, amma ba ta sauke jar tutar ba sai da ta ƙara leƙa hanyar da kanta.

Ya koma mota. Har suka shiga Poli, Hajiya Kaltumi ba ta sake zancen kifi ba. Sau ɗaya kawai ya ga ta miƙa hannu ta gyara madubin gefenta, ta daɗe tana kallo.