Ƙwan Zabin Daji Don Ladidi

Wata Asabar ce cikin marka, shekarar da nake aji uku a firamare, ni da yayana Sale muka laɓe a bakin dajin da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Tabanni, ko tari ba mai yi. Tun sassafe muke bin sawun wata zabuwar daji, raɓa ta jiƙa mini zane sharkaf, ƙaya ta kakkarce mana ƙafafu. Kwatsam sai ta tashi fir daga gindin wani kalgo. Sale ya buɗa ciyawa da sanda, sai ga ƙwai tsibi guda, da sauran ɗuminsu. Na kurma ihu ina tsalle, shi kuma ya toshe mini baki yana dariya.

Ba kwaɗayi ne ya kai mu ba. Autarmu Ladidi ce ba lafiya. Tun da Inna ta yaye ta, daga koko sai tuwon masara da miyar kuka, domin lokacin rumbu ya yi ƙasa, kajin gidanmu kuma ciwo ya share su tas. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura har in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa, yarinyar da a da ba ta barin kowa ya zauna ta koma sai kallo. Baba ya goya su ita da Inna a babur zuwa asibitin gari, malamar asibiti ta ce tamowa ce. "Cikinta na cika, amma jikinta bai samun abin da zai ginu da shi. Wake, gyaɗa, kifi, nono, ƙwai, wanda duk ya samu ku ba ta kullum, ba sai ran kasuwa ba." Da labari ya iso gida, kakarmu ta ce ba a gidanta ba, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Baba ya durƙusa ya ce, "Iya, ki bari ta rayu tukuna, tarbiyyarta tana wuyana." Kaka ta tashi ta shige ɗaki.

To, ranar nan da ludayi muka ɗebi ƙwan, don an ce in zabuwa ta ji warin hannu ba ta dawowa, muka kuma rage mata wasu. Muka zubo a guje, Sale rungume da hularsa cike da ƙwai, ni ina gaba ina shela tun daga bakin zaure. Inna ta dafa, ta murje gwaiduwar cikin kunun gyaɗa. Ladidi ta kau da kai, ta kuma kau da kai, can ta lasa, sai ta cafke ludayin da hannu biyu. Daga nan gidanmu kowa ya samu aiki. In an taso makaranta mu jefar da jaka mu nufi rafi, mu datse ruwa da laka mu yi ta kwarfa da ƙwarya har tarwaɗa ta fara wutsil-wutsil. Dije, ƙawar Inna daga ruga, tana aiko da kindirmo. Kaka da kanta na kama tana ɓare wa Ladidi ƙwai a bayan rumbu, ta harare ni ta ce in wuce. Kafin a yanke dawa kumburi ya saɓe, baƙin gashi ya fara tsirowa. Ranar da Ladidi ta miƙe ta bi ɗan akuya da gudu tana ƙyalƙyala dariya, guɗar Kaka har maƙwabta sai da suka leƙo.

Yau Ladidi da 'ya'yanta, ni kuma ina Kaduna, inda ƙwai ke jere a kowane shago. Amma tun da 'yan bindiga suka mamaye wancan daji, ko itace ba mai shiga yi, yaran ƙauyenmu sun taso ba su san sawun zabuwa ba, rugar su Dije ma ta tashi. Ashe dajin nan shi ma ya raine mu.