Tumatir Ɗin da ya Kai Dakta Kwando Farfesa

Ofishinsa na can ƙarshen baranda, hawa na biyu, kusa da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Ɗalibai na kiransa Dakta Kwando. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da tattalin arziki, kuma duk bincikensa a kan farashin kayan miya ne.

Saura shekara biyu ya yi ritaya, bai zama farfesa ba. Ƙa'idar jami'ar a rubuce take: sai wasu masana sun ambaci aikinka sau ɗari a nasu rubuce-rubucen, sannan ka nuna waɗanda kuka yi bincike tare. Da ya ƙirga nasa, goma sha ɗaya ya samu.

"Bakwai ni na ambaci kaina," in ji shi. "Uku tsohon ɗalibina ne, lokacin yana jiran in sa masa hannu. Ɗayan har yau ban san me na yi masa ba."

Duk da haka ya kai fom laburare a tantance. Ma'aikaciyar da ke wannan aikin ta buga sunansa a kwamfuta, ta gyara zaman tabarau.

"Dakta, ɗari biyu da sha huɗu nake gani."

"Sake dubawa, 'yar uwa. Ko mai irin sunana ne."

"Kai ne. Tsohuwar takardarka ce ta farashin tumatir. Ashe tun tuni an ɗora mujallar a intanet."

Ya ce ranar har mutanen da bai sani ba ya yi ta gaisarwa a matakala. Ya rufe ƙofar ofis, ya buɗe ta farko cikin takardun da suka ambace shi don ya sha yabo. Ya buɗe ta biyu. Kafin ta goma ya kunna fanka.

A tasa takardar ta tumatir ya rubuta cewa tumatir a kasuwar birninsu ya fi na ko'ina tsada da kashi ɗaya cikin uku, har ya kawo dalilai shafi tara. Ya kuma bayyana yadda ya tattara bayanan, bai ɓoye komai ba: shi da kansa yake zuwa, cikin kwat, a motar jami'a mai tambari, ya tambayi farashi, ya rubuta, ya wuce. Bai taɓa tayawa ba. Masana a ƙasashe daban-daban kuwa suka mai da takardar misalin yadda ba a bincike a kasuwa.

Da ya koma gida ya tarar da maiɗakinsa, wadda ke ɗinki, tana kan keke. Ya ba ta labari. Ba ta ko ɗaga ƙafa ba.

"Ai na faɗa maka tun lokacin, Baban yara. Kuɗin mai kwat suke gaya maka."

"Kin faɗa."

"Ka ce da ni me?"

"Na ce ba ki karanci fannin ba."

"To, ga waɗanda suka karanta sun faɗa maka, sau ɗari biyu."

Kwana uku fom ɗin na kan teburinsa. Yana son kujerar farfesa, ba ya son ta haka. A ƙarshe ya cike, ya maƙala wasiƙa yana shaida wa kwamiti cewa ambaton nan duk na suka ne. A gurbin abokan bincike ya rubuta "babu", sannan ya soke, ya sa sunan maiɗakinsa.

Bayan wata huɗu sakataren kwamiti ya kira shi, ya miƙo masa wasiƙarsa.

"Ranka ya daɗe, fom ba shi da gurbin wannan. Adadi muke dubawa. Ita abokiyar binciken, a wace jami'a take?"

"Tana zaman kanta."

Sakatare ya rubuta haka nan. Aka ba shi farfesa.

Yanzu duk Asabar tare suke zuwa kasuwa, a ƙafa. Ita ke tayawa, shi yana baya da kwando da ɗan littafi, an hana shi buɗe baki. Sabuwar takardarsu ta fito bara, sunanta a gaba, kuma alkaluman ciki daidai suke.

Zuwa yanzu an ambace ta sau biyu.

"Ɗaya ni ne," in ji Farfesa.