Tsofaffi Uku da Sabuwar Waƙarsu

Shekarun baya can, ba a daɗe da sojoji suka koma bariki ba, ina da wani ɗan situdiyo a Fagge. Na ce situdiyo ne don in fita kunyar kaina. Shago ne da na manna wa katifu a bango, da fiyano ɗaya, da kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi. Waƙoƙin fim nake bugawa, kuma a lokacin ji nake duk Kano babu wanda ya san kiɗa kamar ni.

Wata rana da hantsi kawuna ya shigo da baƙi biyu. Kawu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mai gemu da carbi, amma duk dangi an san da ƙuruciyarsa shi ne mai ganguna a wata ƙungiyar makaɗa a Sabon Gari, masu kiɗan jita mai ƙara da ake kira rok, suna gauraya shi da kiɗan rawa na hailaif. Baƙin nan abokan kiɗansa ne. Ɗaya Ibo ne haifaffen Sabon Gari, mai gyaran rediyo, shi ne mai jita kuma mai waƙa, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Ɗayan malamin makaranta ne mai ritaya daga wajen Zariya, shi ke kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya. Bayan an gaisa, mai jita ya ce 'ya'yansa sun matsa sai ya koma garinsu bayan Kirsimeti ya huta, kuma kafin ya tafi suna so su yi kaset. Ya rubuta sababbin waƙoƙi shida.

Ni da bakina da ba ya da birki, sai na ce, “Baba, sababbi kuma? Ai tsofaffin naku ake so. Wanda ya san ku, waƙar da ya yi rawa da ita yana saurayi yake nema. Wanda bai san ku ba kuma, ba zai sayi sabuwar waƙar mai furfura ba.”

Kawu ya harare ni, amma mai jita dariya ya yi. Ya ce, “Ɗana, waɗancan waƙoƙin wani yaro ɗan ashirin da biyar ne ya yi su, ni ko hannu ba zan iya ba shi ba yanzu. Mu gwada. In mun iya, mun iya. In mun kasa, zan rataye jitar in yarda mun ƙare.”

Na sa musu rana. Da suka zo, na yi musu yadda nake yi wa kowa, wato ɗaya bayan ɗaya. Na shigar da Kawu ɗan ɗakin ɗauka shi kaɗai, na ɗora masa abin ji a kunne, na kunna masa ƙwas-ƙwas ɗin na'ura da ke riƙe wa mutum taki, na rufe ƙofa. Wallahi abin tausayi. Ya yi gaba, ya yi baya, ya cire hula, gumi ya jiƙa masa shadda. Sau nawa muna sakewa. Malam mai bes ya shiga, shi ma sai ka ce yau ya fara riƙe abin. Da aka zo kan mai jita, muryarsa ta riƙa rawa, bai ko kai rabin waƙar farko ba ya tsaya. Ya fito, ya zura jitar a jakarta a hankali, ya dubi Kawu ya ce, “Alhaji, yaron nan ya yi gaskiya. Mun ƙare.”

Na so a ce na yi gaskiya, to ga shi an ce, amma sai na ji kamar na mari mahaifina. Kwana biyu Kawu bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Rana ta uku na je Kasuwar Singa sayen madara da ganyen shayi, na biya ta shagon matar mai jita, wadda muke kira Mama. Ko zama ba ta bari na yi ba. Ta ce me na yi wa mijinta, ya dawo gida ko tuwo ba ya ci? Na yi mata bayani dalla-dalla, har da ɗan alfahari, yadda aikin zamani yake, kowa shi kaɗai a ɗaki.

Ta ajiye kwalin da ke hannunta. Ta ce, “Ka raba su? Kai, ashe ba ka da wayo. Kawunka bai taɓa kiɗa da kunne ba, ƙafar mijina yake kallo. Malam kuma kafaɗar kawunka yake bi. Shi kuwa mijina ƙafar masu rawa yake kallo, in babu mai rawa a gabansa ba ya sanin inda ya dosa. Haka suka koya, haka suka yi shekara da shekaru. Ka kulle kowa shi kaɗai kamar mai laifi, sannan ka ce sun tsufa?”

Na ce, “To Mama, ina zan samo masu rawa?”

Ta ce, “Ni gurguwa ce?”

Ranar Asabar bayan azahar na ɗauki hayar a-kori-kura, na kwashi kayana zuwa tsakar gidansu a Sabon Gari. Duk abin da na sani na aiki ya ce kada in yi. Ga kaji, ga ƙarar injin niƙa a maƙwabta, ga mai sayar da ruwa yana buga ƙofa. Sai da Mama ta aika aka roƙi mai injin ya ɗan dakata. Mai jita da ƙyar aka fito da shi daga ɗaki, yana cewa a bar shi da kunyar da ya riga ya sha. Suka zauna suna fuskantar juna. Mama ta ci ɗamara da gyale, ita da ƙawayenta biyu 'yan cocinsu, suka tsaya a tsakiya.

Mama ta ɗaga ƙafa ta sauke. Mai jita ya bi ta da tasa ƙafar. Kawu ya sauke sanda a kan ganga. Jama'a, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Mutanen nan da na gani suna lalube a shagona, sai ga su kamar mutum ɗaya mai hannu shida. Kawuna, mai carbi, yana jijjiga kai yana cije leɓe. Malam ya lumshe ido ɗaya, ɗayan na kan kafaɗar Kawu. Waƙa ta farko a kan ciwon gwiwa ce, ta biyu a kan jikokin da ba sa gaisuwa sai an ba su alawa. Matan gidan haya suka firfito, tun suna leƙe har suka shigo fili. Waƙa biyar muka ɗauka, babu wadda aka maimaita fiye da sau biyu.

Ta shidan ce bai taɓa rerawa a gaban kowa ba, ko a gida. Ya fara da wata yarinya da ya gani tana ɗauke da buhun shinkafa ta ƙi yarda ya taya ta. Ya zo kan wata mata da ke ɓoye masa sukari a cikin gwangwanin gishiri tun da likita ya hana shi. Nan Mama ta gane. Ta tsaya cak, ta rufe baki da gyale. Tsayawarta ke da wuya kiɗan ya fara tangaɗi, don ƙafar da ake bi ta daina motsi. Sai Kawu ya ɗaga murya, hannunsa bai bar ganga ba, ya ce, “Madam, don Allah ci gaba da rawa, kya yi kukan daga baya.” Ta ci gaba, tana rawa tana share ido tana dariya. Maganar Kawu tana cikin kaset ɗin har yau. Na so in goge, suka ce in na taɓa ta sai mun ɓata.

Da na sa musu waƙar suka saurara har ta ƙare. Mai jita ya ce in sake sa ta. Da ta sake ƙarewa ya miƙa wa Kawu hannu ya ce, “Alhaji, ashe da sauranmu.” Kawu ya ce, “Da ma ni na sani, wannan mai katifun ne ya so ya binne mu da rai.” Sunan ya bi ni kuwa, har yau a dangi akwai masu kirana da shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kaset ɗin bai yi kasuwa ba. Masu shagunan kaset suka karɓa don kunyar Kawu, yawanci kyauta aka rabar. Ta wannan fuskar lissafina bai kuskure ba. Inda na kuskure shi ne da na ɗauka don kasuwa kaɗai ake yin sabuwar waƙa, da kuma da na auna su da mudun da ba nasu ba, na ga sun gaza, na ce tsufa ne. Yanzu da tawa furfurar ta fito, in na ji matasa na cewa tsofaffin makaɗa su tsaya kan tsofaffin waƙoƙinsu su ba mutane wuri, ba na musu da su sosai. Nakan dai tambaya ko sun taɓa zama sun ga yadda mutanen suke aiki.

Ranar da mai jita da Mama za su tafi, mun raka su tasha. Maza suna can suna rigima da kwandasta a kan inda za a sa jitar, na tsuguna na ba Mama haƙuri a kan abin da na yi tun farko. Ta ce in tashi, ya wuce. Sai ta ce, “Ka san duk waƙoƙinsa na da, na 'yan matan da ya yi nema kafin ni ne? Shekara arba'in ina yi musu rawa ban ce komai ba. Da ya ji shawararka, da har in mutu ban samu tawa ba.”